FASHIN BAƘI: Me ya haɗa masana falsafa da kiɗan rok?

A watan Yunin 2016 wata kotun tarayya da ke Los Angeles a Amurka ta saurari ƙarar da aka shigar kan Led Zeppelin, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin kiɗan rok na Birtaniya. Zargin shi ne sun ɗauko mabuɗin shahararriyar waƙarsu ta 1971, "Stairway to Heaven", daga wani kiɗa mai suna "Taurus" wanda ƙungiyar Spirit ta Amurka ta fitar a 1968. Mai karatu zai zaci cewa abu na farko da za a yi shi ne a kunna faifan "Taurus" masu yanke hukunci su saurara, su gwada da kunnensu. Alƙali bai yarda da haka ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 1909, wadda a ƙarƙashinta aka yi wa kiɗan rajista, ba ta san faifai ba. Abin da ta sani shi ne takarda mai ɗauke da alamomin kiɗa da aka ajiye a ofishin rajista a 1967. Da abin da ke cikin wannan takarda aka yi shari'a, Led Zeppelin ta yi nasara, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a watan Maris na 2020.

Ko da yake ba su ambata ba, alƙalan sun tsoma baki ne cikin wata gardama da masana falsafa suka daɗe suna tafkawa. Idan an ce "waƙa", me ake nufi? Alamomin da aka rubuta a takarda, ko wasan da aka yi a dandali, ko kuwa sautin da aka naɗa a faifai? Tambayar ta yi kama da ta masu hira a gindin bishiya, sai dai amsarta ce ke nuna wanda zai karɓi miliyoyin daloli, da waƙar da hukuma za ta haramta, da ma'aunin da za a yi amfani da shi kafin a ce wannan kiɗa ya yi kyau, wancan kuwa shirme ne.

Asalin kiɗan da shigarsa jami'a

Kiɗan rok ya tsiro ne a jihohin kudu na ƙasar Amurka a tsakiyar shekarun 1950, daga haɗuwar kiɗan bulus na baƙaƙen fata da waƙoƙinsu na coci da kuma kiɗan karkara na fararen fata. Kayan aikinsa ba su da yawa: jita mai lantarki, da jitar bas mai kaurin murya, da jerin ganguna, da muryar mawaƙi. Elvis Presley ya fara naɗar faifai a kamfanin Sun da ke Memfis a 1954, Chuck Berry da Little Richard suka yi fice a 1955, sannan a shekarun 1960 matasan Birtaniya irin su Beatles da Rolling Stones suka ɗauki kiɗan suka bazu da shi a duniya.

Jami'o'i ba su karɓe shi da hannu biyu ba. Waɗanda suka fara buɗe masa ƙofa masana halayyar jama'a ne. A 1964 Richard Hoggart ya kafa cibiyar nazarin al'adun zamani a Jami'ar Birmingham, wadda daga baya Stuart Hall ya jagoranta, inda aka mayar da hankali kan al'adun gama-gari, wato fim da talabijin da mujallu da kiɗan da talakawa ke so. A 1981 aka kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu nazarin irin wannan kiɗa, a 1988 kuma Jami'ar Liverpool ta buɗe cibiya ta musamman dominsa. Tambayoyin waɗannan masana su ne: wa ke sauraro, wa ke cin riba, wane saƙo matasa ke isarwa da tufafinsu da gashinsu? Sun kauce wa tambayar ko kiɗan yana da kyau a kan kansa. Wannan giɓi ne masana falsafa suka zo cikewa a shekarun 1990, amma suka tarar da cewa mudun da suka gada bai dace da wannan hatsi ba.

Mudun da aka gada

Tsoron kiɗa tsoho ne a falsafa. Plato na Girka, wanda Larabawa ke kira Aflatun, ya bayyana a littafinsa kan tsarin ƙasa cewa sauya salon kiɗa yana iya girgiza dokokin ƙasa, shi ya sa ya ba da shawarar a hana wasu karin sauti da yake ganin suna kashe zuciyar samari. A ɓangaren malaman Musulunci ma, Al-Farabi ya rubuta babban littafi kan kiɗa, Imam Al-Ghazali kuma ya ware babi guda a cikin Ihya kan ladubban sauraro da tasirinsa ga zuciya.

Fannin da ake kira falsafar kyau, wato nazarin abin da ke sa a ce abu ya ƙayatar, ya samu sunansa ne daga Bajamushe Alexander Baumgarten a 1735. Immanuel Kant ya ɗora masa harsashi a littafinsa na 1790, inda ya bambanta abin da ke da daɗi kawai, kamar abinci, da abin da ke da kyau. A ganinsa, hukuncin kyau yana buƙatar natsuwa, mutum ya ware sha'awar jikinsa da buƙatarsa gefe guda, ya dubi tsarin abin. Kant bai ba kiɗa babban matsayi ba. Ya ma yi ƙorafin cewa yana kutsawa kunnen maƙwabta ko ba su so, kamar yadda ƙamshin turare ke cika ɗaki. A 1854 Eduard Hanslick na Biyana ya kammala ginin, inda ya ce kyawun kiɗa yana cikin yadda aka jera sautuka aka sassaƙa su, ba cikin shauƙin da yake tayarwa ba.

An yanka wannan mudu ne daidai da kiɗan Turai na fada da coci da manyan zauruka, irin na Bach da Beethoven. A can, mai tsara kiɗa yana rubuta komai a takarda, makaɗa su bi, jama'a su zauna shiru su saurara. Idan aka auna rok da shi, dole ya faɗi: yawancin waƙoƙinsa ba su wuce minti uku zuwa huɗu ba, jerin sautinsu kaɗan ne, maimaici ya yi yawa, kuma masu sauraro rawa suke yi da ihu.

Tuhumar Adorno

Babu wanda ya gabatar da ƙara mai ƙarfi kan kiɗan gama-gari kamar Theodor Adorno, masanin falsafa kuma ƙwararren makaɗi, wanda ya guje wa mulkin Nazi ya isa Amurka a 1938. A wata maƙala da ya wallafa a 1941 ya ce waƙoƙin kasuwa duk bugu ɗaya ne: tsawonsu da zubinsu da jigoginsu an riga an ƙayyade su, har ana iya cire wani sashe daga wannan waƙa a dasa a waccan ba tare da an lura ba. A kiɗan Beethoven kuwa, in ji shi, kowane sashe yana samun ma'anarsa ne daga ginin gaba ɗaya, in ka cire shi ginin ya rushe. Ɗan bambancin da mai sauraro ke ji tsakanin wannan tauraro da wancan, Adorno ya kira shi bambancin bogi, kwalliya ce da kamfani ke shafawa domin mai saye ya zaci zaɓi yake yi. Daga baya shi da Max Horkheimer suka raɗa wa tsarin duka suna masana'antar al'adu, wadda aikinta shi ne ta ɗebe wa ma'aikaci gajiya da daddare domin ya koma bakin aiki da safe bai yi tunanin halin da yake ciki ba.

Adorno ya yi wannan rubutu kafin a haifi rok, amma tarihi ya ba shi hujjoji. A 1959 da 1960 majalisar dokokin Amurka ta binciki yadda kamfanonin faifai ke ba masu gabatar da shirye-shiryen rediyo toshiyar baki domin su riƙa maimaita waƙoƙinsu, badaƙalar da ta kayar da Alan Freed, mutumin da ya fi kowa yayata sunan kiɗan a rediyo. A yau ma, manhajar Spotify ba ta ƙirga cewa an saurari waƙa sai an kai daƙiƙa 30, abin da ke matsa wa masu tsara waƙa su sako amshi da wuri kada mai sauraro ya tsallake. Duk wanda zai kare rok a fagen falsafa, sai ya fara amsa wa Adorno.

Faifan shi ne aikin

Amsa mafi tasiri ta fito ne daga Theodore Gracyk, malamin falsafa a jihar Minnesota, a littafinsa na 1996 mai suna "Rhythm and Noise". Hujjarsa ita ce masu suka suna duba inda ba nan aikin yake ba. A rok, abin da mai fasaha ya ƙera shi ne sautin da aka naɗa, da dukkan abin da ke cikinsa: kaushin muryar mawaƙi, da amon ɗakin da aka yi naɗin, da nauyin ganga, da yadda injiniya ya gauraya su. Sutudiyo kansa kayan kiɗa ne. Wanda ya rubuta waƙar a takarda ya ce ya ga sauƙinta, kamar wanda ya karanta jerin kayan miya ne ya ce ya ɗanɗana girki.

Tarihin Beatles yana goyon bayan wannan ra'ayi. Mafi yawan kundinsu na farko a rana ɗaya suka naɗe shi, 11 ga Fabrairun 1963, kusan kamar yadda suke yi a dandali. Ranar 29 ga Agustan 1966 suka yi wasansu na ƙarshe na yawon ƙasashe a San Francisco, suka koma sutudiyo kacokan. A ƙarshen wannan shekara suka naɗi "Strawberry Fields Forever" sau da dama. John Lennon ya so farkon wani naɗi da kuma ƙarshen wani daban, alhali saurinsu da tsayin sautinsu ba ɗaya ba ne. Furodusa George Martin da injiniya Geoff Emerick suka ƙara wa ɗaya gudu, suka rage wa ɗayan, suka yanka zaren naɗin suka manne su a wajen minti na farko. Abin da duniya ke saurara tun 1967 ba a taɓa kaɗa shi haka a ɗaki ɗaya, a lokaci ɗaya ba. Ba hoton wani wasa ba ne. A kan tef aka haife shi.

Da wannan ma'auni, shari'ar Los Angeles ta auna kwarangwal ne ta bar tsoka. Dokar tarayyar Amurka ba ta fara kare sautin da aka naɗa ba sai daga Fabrairun 1972, shekaru kusan ashirin bayan rok ya mayar da faifai gidansa.

Ƙara da jiki

Wani masanin, Bruce Baugh na Kanada, ya bi ta wata hanya a maƙalarsa ta 1993. Ya ce kiɗan Turai na zauruka yana ba tsari muhimmanci, rok kuwa yana ba gundarin sauti muhimmanci: bugun da ke motsa ƙafa, da yadda ake lanƙwasa sauti guda a kan tsirkiya, da ƙarar da mutum ke ji a ƙirjinsa. Abin da tsohon mudu ke ɗauka aibi, a nan shi ne ado.

Gurɓataccen sautin jita misali ne. Injiniyoyi sun ƙera na'urar ƙara sauti domin ta fitar da shi tas, makaɗan rok kuwa suka riƙa lalata ta da gangan. Link Wray ya huda lasifikarsa domin ya samu kaushin da ke cikin "Rumble" a 1958, kuma wasu gidajen rediyon Amurka sun ƙi sa kiɗan don tsoron zai zuga faɗan 'yan daba, duk da cewa babu kalma ko ɗaya a cikinsa. Dave Davies na ƙungiyar Kinks ya tsaga tasa lasifikar da reza a 1964. A bikin Woodstock na Agustan 1969, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, Jimi Hendrix ya kaɗa taken Amurka da jita, ya cusa masa kururuwa da rugugi waɗanda masu sauraro da yawa suka ji kamar faɗuwar bama-bamai. A takarda, taken ƙasa ne da kowane ɗan makaranta ya sani. Ma'anar duk tana cikin sautin.

Ba kowa ya yarda da Baugh ba. Stephen Davies na Jami'ar Auckland ya mayar da martani a 1999 cewa an zuzuta bambancin: kiɗan zauruka ma yana da rawa da ƙara da makaɗan da ake yabo saboda taushin hannu, rok ma yana da masu gina dogon tsari. Richard Shusterman kuwa, a littafinsa na 1992, ya bi sawun John Dewey ya ce raba fasaha gida biyu, ta manya da ta talakawa, shi ne kuskuren tun farko, domin wanda ke rawa ma yana sauraro da hankali, jikinsa ne kawai ya shiga cikin aikin.

Gaskiya da kasuwa

Kalmar da masoya rok suka fi riƙewa ita ce gaskiya, wato mawaƙi ya rera abin da ke zuciyarsa, kada ya sayar da kansa. Lokacin da Bob Dylan ya rataya jitar lantarki a bikin Newport a Yulin 1965, wasu daga cikin masoyansa sun yi masa ihu, a Manchester kuma a 1966 wani ya jefe shi da sunan maci amana. Shi dai wannan Dylan ya samu kyautar Nobel ta adabi a 2016, a Disambar 2020 kuma ya sayar wa kamfanin Universal haƙƙin waƙoƙinsa kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 300.

Simon Frith, masani ɗan Birtaniya wanda ya daɗe yana sharhin kiɗa a jaridu, ya warware wannan ruɗani a littafinsa na 1996. Ya nuna cewa mutane suna auna kiɗa da harsuna uku: na fasaha, mai neman hazaƙa da sabon abu, na gargajiya, mai neman kusanci da jama'a da asali, da na kasuwa, mai neman daɗi da ciniki. Rok yana magana da dukansu a lokaci guda, shi ya sa rigimarsa ba ta ƙarewa. Frith ya ƙara da cewa babu mai sauraron da ba ya yanke hukunci, ko direba ne ko farfesa, kuma aikin masani shi ne ya fahimci dalilan da mutane ke kafawa idan suna gardama kan wa ya fi wani.

Sai dai wa ke da ikon a ji hukuncinsa? Bafaranshe Pierre Bourdieu ya nuna a 1979 cewa abin da mutum ke kira kyakkyawan ɗanɗano yana bin gidan da ya fito da makarantar da ya yi. A rok, launin fata ma ya shiga. Big Mama Thornton, baƙar fata, ita ta fara naɗar "Hound Dog" a 1952, amma da Elvis ya maimaita ta a 1956 ne ta zama dukiya, sunanta kuma ya koma gefe.

Inda hukuma ta shigo

A 1985 wasu matan manyan 'yan siyasar Amurka, ciki har da Tipper Gore, matar Sanata Al Gore, suka fitar da jerin waƙoƙi 15 da suka ce suna ɓata tarbiyya. Ranar 19 ga Satumba wani kwamitin majalisar dattawa ya zauna kan batun, mawaƙa Frank Zappa da Dee Snider da John Denver suka ba da bahasi kan adawarsu, a ƙarshe kamfanoni suka amince su riƙa manna gargaɗi ga iyaye a jikin faifai. Shekara biyu bayan haka Allan Bloom na Jami'ar Chicago ya farfaɗo da hujjar Aflatun, ya ce rok yana kiran sha'awa ne kai tsaye, yana kashe wa ɗalibai ƙishirwar ilimi.

A Cekoslobakiya ta zamanin kwaminisanci lamarin ya wuce gargaɗi. A 1976 aka kama mambobin ƙungiyar Plastic People of the Universe da abokansu, aka gurfanar da wasu bisa zargin tayar da hankalin jama'a, aka ɗaure manajansu Ivan Jirous wata 18. Marubuci Václav Havel ya ga cewa gwamnatin da ke ɗaure matasa don kawai sun kaɗa abin da suke so, kowa ma tana iya ɗaurewa. Wannan shari'a na cikin abubuwan da suka haifar da takardar neman 'yanci ta Charter 77 a Janairun 1977. Ɗaya daga cikin kakakinta uku shi ne dattijon masanin falsafa Jan Patočka, wanda ya rasu ranar 13 ga Maris na wannan shekara bayan doguwar tuhumar 'yan sanda. Havel ya zama shugaban ƙasa a Disambar 1989. Adorno ya ce kiɗan gama-gari yana sa talaka barci, amma gwamnatin Prague ba ta ɗauke shi maganin barci ba.

Daga Agadas zuwa Sakkwato

Gardamar ba ta tsaya a Turai da Amurka ba, domin jitar lantarki ta daɗe da zama 'yar gida a Sahara. Ƙungiyar Tinariwen ta Abzinawan Mali ta ci kyautar Grammy a 2012, Bombino na Agadas kuma ya shiga jerin 'yan takararta da kundinsa na 2018. Mdou Moctar, haifaffen jihar Tawa wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar burkin keke, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, "Anar", a 2008, da muryar da kwamfuta ta lanƙwasa irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya ya saka ta a wani kundi na 2011. A 2021 kamfanin Matador na Amurka ya fitar da kundin Moctar mai suna "Afrique Victime", mujallun rok suka jera shi cikin gwanayen jita na wannan zamani.

Labarinsa yana gwada ƙarfin ra'ayoyin da aka zayyana. Gracyk zai ce aikin shi ne sautin da ke cikin katin waya, amma a Agadas wannan kiɗa a wurin biki yake rayuwa, inda makaɗi ke tsawaita waƙa gwargwadon yadda fili ya ɗauka. Masu neman asali a Turai suna son jin hamada tsantsa, alhali abin da ya fara ɗaga Moctar a gida shi ne muryar kwamfuta ta sutudiyon Sakkwato.

Masu nazarin waƙar Hausa ma suna gaban irin wannan mararraba. An gina ma'aunin jigo da salo da zubi da tsari ne a kan rubutacciyar waƙa da waƙar baka, kuma ya yi aiki har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988. Shata yana iya sauya baituka duk lokacin da ya rera waƙa, gwargwadon wanda ke gabansa. Waƙar nanaye kuwa, kamar rok, a gaban kwamfuta ake ƙera ta sashe-sashe, kuma naɗi ɗaya ne kowa ya sani. Wanda ya kwafe baitukanta a takarda ya auna su da mudun Narambaɗa, ya yi abin da kotun Los Angeles ta yi wa "Taurus". Hukuncinsa yana iya zama daidai, ko a jarida ko a aji ko a ofishin hukumar tace finafinai ta Kano, amma sai ya fara bayyana abin da ya auna: kalmomin, ko sautin, ko rawar da ke tafe da su.